Hannun da Na Goge a Tasha

Mahaifina magini ne, na ƙasa ba na bulo da siminti ba. Tun da na buɗe ido na san shi da laka har ƙwauri, yana tattaka birjin da aka jiƙa ya kwana, yana cura tubali yana jerawa a rana. Rabin sorayen ƙauyenmu shi ya ɗora musu azara. Idan kuma aka yi rasuwa ba a ma aikawa a kira shi. Kafin a gama wanka da sutura yana maƙabarta da bokitinsa, domin shi ke kwaɓa ƙasar da ake liƙe itatuwan kabari da ita kafin a tura busasshiya a kai. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba.

Ni kuwa kunyar sana'ar nake ji. A makarantar kwana yara sun laƙaba mini "ɗan mai laka", na kuma ƙudurta a raina cewa zan yi karatun da ƙura ba za ta sake taɓa takalmina ba. Injiniya na nema, jami'a ta ba ni ilmin noma, sashen nazarin ƙasa ma kuwa. Ranar da na faɗa wa Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "To ai gida ka dawo." Ban yi dariya ba.

A watan Satumba na 2017, bayan na gama bautar ƙasa, na sami tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar Sin. Ranar tafiya abokaina biyu 'yan birni suka zo raka ni Kano. Muna tasha mota ta kusa cika sai ga Baba a kan kekensa, daga wurin aiki kai tsaye, rigarsa duk feshin yaɓe. Ya miƙo mini hannu na kama, ya riƙe ya daɗe yana addu'a. Da ya sake ni sai na ga jar ƙasa a tafina. Farar shadda ce a jikina. Na zaro hankici na goge hannun sarai, a gabansa. Ya kalli hankicin, ya kalle ni, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Wannan ne taɓawa ta ƙarshe tsakanina da shi.

An kai ni lardin Shaanxi, kusa da birnin Xi'an, wanda ake furtawa Shi'an. Sharaɗin shi ne shekara guda ta koyon Sinanci, sannan jarrabawar gwajin Sinanci ta HSK mataki na huɗu, yadda take a lokacin: kalmomi 1,200, maki 300, wanda bai kai 180 ba bai haye ba. A makon farko malamarmu ta zana wani harafi mai zara uku a allo, 土. Gajeren layi a kwance, layi a tsaye, sai dogon layi a gindi. Ta ce sunansa tu, da muryar da ke sauka ta sake hawa, ma'anarsa kuma ƙasa, wadda ake takawa ake nomawa. Na ce a zuci, har nan ma kin biyo ni.

Bayan 'yan kwanaki aka ce kowa ya rubuta a allo abin da ya kawo shi. Kalmar digiri na biyu ita ce 硕士, shuoshi, harafinta na ƙarshe kuwa, 士, yana nufin masani ko mai daraja. Kamarsu ɗaya da na ƙasa, sai dai a na masani layin sama ne dogo, a na ƙasa layin gindi. Ni na ja na gindi. Malama ta kama baki tana dariya, ta ce na rubuta cewa na zo in zama babbar turɓaya. Aji ya ɗauka. Raha ce kawai, amma ni daren nan ban yi barcin kirki ba, domin ji na yi kamar allon ya tona asalina.

Abin ya ƙara cina da na gano cewa a bakin matasan Sinawa tu zagi ne. Idan suka ce rigarka tu ce, ƙauyanci suke nufi. Baƙauye shi ne tubaozi, wato curin burodin ƙasa. Wanda ya yi kuɗin dare ɗaya yana fankama da waya mai ruwan zinariya kuma tuhao. Wata rana wani ɗalibi ya taɓa rigar sanyin da na saya a gwanjon Kofar Wambai ya ce, "Tai tu le," ta cika ƙauyanci. Washegari na kashe kusan rabin kuɗin watana a kan sabuwa. Ban tsaya na tuna cewa abin da yaron ya faɗa da baki shi na faɗa wa Baba da hankici ba. Wannan tunanin sai daga baya ya zo.

Da sanyi ya shigo a watan Nuwamba jikina ya ƙi. Gudawa, amai, ƙuraje a goshi, abinci kuma ko ƙamshinsa ba na so. Cikin wata biyu wandunana suka daina zama a ƙuguna. Kalmomin da na fara iya faɗa wa likita ba tare da duba waya ba su ne ciki da amai, kuma dukansu suna ɗauke da harafin nan: 肚, ciki, alamar tsoka ce da ƙasa a gefe, 吐, amai, baki ne da ƙasa. Malama ta ce a waɗannan biyun sautinsa kawai aka ara, ba ma'anarsa ba. Mai zawo da tsakar dare a garin da ruwa ke daskarewa a waje ba ya jin wannan bayanin.

Na kira Inna, ta ce, "Canjin ruwa ne, ɗan nan, zai wuce." Kwana biyu bayan haka dattijuwar da ke gadin ƙofar masaukinmu, wadda kowa ke kira ayi, wato gwaggo, ta tare ni ta dubi fuskata ta ce, "Shui tu bu fu." 水土不服. Ruwa da ƙasa ba su karɓe ka ba. Maganar Inna ce sak, sai dai su sun ƙara ƙasa a kai. Ta tambaye ni ko na taho da ƙasar garinmu. Na zaci ban ji daidai ba. Ta ce mutanen da, idan za su yi nisa, sukan ƙulle 'yar ƙasar gida a tsumma, in baƙon wuri ya kayar da su sai su barbaɗa kaɗan a ruwa su sha. Na ce ban taho da ita ba. Ta girgiza kai kamar na ce na manta fasfo. Ni ban yarda ƙasa a ruwa na maganin komai ba, har yau ma ban yarda ba, kuma a ƙarshe likita ya gano gyambon ciki ne ya ba ni magani na makonni. Amma da na hau ɗaki na zauna a bakin gado, sai na tuna cewa ai an ba ni ƙasar garinmu a tafin hannu ranar da zan taho.

Abokin zamana a ɗaki ɗan Japan ne, ya girme ni da shekara uku, kamfaninsu ya turo shi koyon yaren. Shi haruffan ba baƙinsa ba ne tun da Japananci ma da su ake rubuta shi, furucin ne ke ba shi wuya. Ni bakina ya fi nasa, hannunsa ya fi nawa, sai muka riƙa musaya. A wurinsa na ji cewa harafin nan suna karanta shi tsuchi idan yana shi kaɗai, do ko to idan ya haɗu da wani. Asabar a wurinsu doyobi ce, ranar ƙasa. Da ya dawo daga hutun sabuwar shekara ya miƙo mini kwalin alewa ya ce omiyage, ya rubuta お土産, abin da ƙasar wani wuri ta haifar. Na ce mu tsaraba muke cewa, kuma matafiyin da ya dawo babu ita sai ya sha gori. Ya ce to ashe duk ɗaya muke.

A watan Maris na 2018 na zauna jarrabawar. Maki 164 na ci. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba tun daga firamare. Ofishin ɗalibai baƙi ya sanar da ni cewa saura dama guda kafin hutun bazara, in ban haye ba tallafina yana cikin haɗari. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Kwana huɗu na yi ban shiga aji ba, labule a rufe, ina lissafin yadda zan ɓace cikin 'yan kasuwarmu da ke Guangzhou in yi dako ko tafinta, komai dai ban da in sauka a tashar ƙauyenmu hannu rabbana bayan an yi mini walimar tafiya.

Dare na huɗu abokina ya kunna fitila ba tare da neman izini ba, ya ce, "Tsuchi ga tsuita." Ƙasa ta taɓa ka. Ya ce maganar 'yan kokawar sumo ce. Suna karawa a kan dandamalin yumɓu da ake kira dohyo, duk wanda wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa ya faɗi, kuma an fi faɗin wannan magana ga gwanin da ya jera nasarori sannan aka kayar da shi karon farko. Na ce haka yake a dambenmu, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. Ya tambaya ko wanda aka kashe a dambe mutuwa yake yi. Na ce a'a, tashi yake ya kakkaɓe, gobe ya sake ɗaure hannu. Bai ce komai ba, ya ɗauko takarda ya rubuta haruffa huɗu ya liƙa a bango saitin gadona: 卷土重来.

Sinawa na karanta shi juan tu chong lai, Japanawa kendo chorai, ma'anarsa a sake dawowa ana tayar da ƙura, kamar yadda dawakai ke yi in rundunar da aka kora ta juyo. Washegari na kai wa malama takardar, ta ba ni labarin da ke bayansa. Wani jarumi ne mai suna Xiang Yu, wanda ya yi takarar mulkin Sin da Liu Bang, mutumin da ya kafa daular Han. Aka ci shi da yaƙi a shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gudo har bakin kogin Wu. Akwai mai jirgin ruwa da ke jiransa ya tsallakar da shi zuwa yankinsu, amma ya ƙi shiga. Ya ce ya fito da samarin yankin dubu takwas, babu ko ɗaya da zai koma da shi, da wane ido zai kalli iyayensu? A nan bakin ruwa ya kashe kansa. Bayan shekara dubu da 'yan kai wani mawaƙin daular Tang, Du Mu, ya tsaya a wurin ya yi baitoci huɗu yana cewa namiji shi ne mai iya haɗiye kunya, kuma da ya tsallaka, wa ya sani ko da ya dawo da ƙurarsa. Ina sauraronta gumi na keto mini, domin uzurin mutumin nan shi ne nawa kalma da kalma, sai dai ni ba runduna na rasa ba, maki goma sha shida ne.

Na koma aji. A watan Yuni na ci 203. Abokina ya ce na tsira a dotanba, ya kuma yi mini bayani yana dariya cewa asalin kalmar tudun ƙasa ne da ake kwantar da wanda za a sare a zamanin Edo na tarihin Japan, yanzu kuma tana nufin daƙiƙar ƙarshe. A watan Yuli ya koma Osaka.

Karatun da na shiga sunansa shui tu baochi, kiyaye ruwa da ƙasa. Ruwa da ƙasar nan dai da suka ƙi karɓata. Yankin da muke aikin fili shi ne tudun rawayar ƙasa na arewacin Shaanxi, ƙasa mai laushi kamar garin tuwo, wadda ruwan sama ke kwasa ya zuba a Rawayen Kogi har ya ba shi launinsa da sunansa. Na ga kwazazzabai da suka ninka na garinmu sau ba adadi, na ga gangaren da aka yanka hawa-hawa, da ƙananan madatsun da ke tare laka har kwari ya cike ya zama gona, da duwatsun da aka hana noma da kiwo a kansu tun 1999 suka koma kore. A wani ƙauye kusa da Yan'an muka kwana a yaodong, ɗakin da ake haƙawa cikin gangaren ƙasa, da rufi mai lanƙwasa. Waje sanyi na yanka kunne, ciki kuwa ɗumi. Na ɗaga kai na ga bakan gizon soron Baba. Farfesanmu ya shafa bangon yana yi mana bayanin yadda ƙasa mai kauri ke riƙe ɗumi da sanyi, ina rubutawa a littafi abin da na kwana a cikinsa shekara ashirin ban taɓa tambaya ba. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena ya nuna wa Baba. Saƙon murya ya dawo: "Ka tambaye su me suke zubawa a yaɓen, don na ga bai tsage ba." Na ce zan tambaya. Ban tambaya ba.

Hutun bazarar 2019 na ce zan je gida, sai na sayi kwamfuta da kuɗin jirgin. Na ce sai Janairu. Na ma sayi tsaraba, takalmin roba mai tsawo har gwiwa, irin na masu aikin gona a can, domin kaushin ƙafar Baba kan tsage har jini in hunturu ya yi. Janairu ya zo tikiti ya yi tsada saboda bikin sabuwar shekararsu, na ce bari a gama bikin. Ranar 23 ga wata aka rufe birnin Wuhan saboda cutar korona. Makarantarmu ta kulle ƙofofinta. Ƙarshen Maris Sin ta dakatar da shigar baƙi, Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta. A labarai kullum ana gargaɗin kada cutar ta juan tu chong lai, domin a Sinancin yau an fi jingina maganar ga mugun abin da ya sake dawowa. Takardar tana nan a bangona, na rasa da wace fuska zan karanta ta.

Baba ya rasu a cikin azumin 2020, bayan zazzaɓin kwana biyar. Sin na gaban Najeriya da awa bakwai. Ya cika bayan sallar asuba a can, ni ina zaune da rana tsaka ina shigar da alƙaluma a kwamfutar nan. Kafin in sha ruwa an rufe shi. Ƙanena ya so ya kira ni ta bidiyo daga maƙabarta, wani kawunmu ya hana, kuma na ga gaskiyarsa. Abin da kawai na iya tambaya da daddare shi ne wa ya kwaɓa ƙasar. Ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni ne, Yaya. Sai da aka tsaya ana kallon juna, kowa ya saba shi ne."

Ɗakin cin abincin halal na makaranta wani dattijo ne ɗan ƙabilar Hui ke dafa abinci a ciki, shi ke ajiye mana na buɗa-baki. Da ya ga kwana biyu ban zo ba sai ya hawo da kwanon taliya da kansa. Na faɗa masa. Ya yi salati da irin Larabcinsu, sannan ya tambayi abu ɗaya: an sa shi a ƙasa? Na ce tun ranar. Ya ce, "Ru tu wei an." 入土为安. Shiga ƙasa shi ne samun natsuwa. Ya ce tsohuwar magana ce ta Sinawa duka, ko da yake yanzu a birane ƙona gawa ake yi, amma su Musulmi an bar musu tuzang, binnewa a ƙasa, da farin likkafani babu akwati, kuma ba sa wuce kwana uku. Ya ce mahaifina ya yi sa'a da bai ko kwana ba. Sai ya karanto ayar Suratu Ɗaha da ake karantawa in ana zuba ƙasa tafi uku, cewa daga gare ta Muka halicce ku, cikinta Muke mayar da ku, daga gare ta kuma Muke fitar da ku wani karo. Ya buɗe tafinsa sau uku a iska yana yi. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun da aka kira ni, na kuma ba shi labarin hankicin, wanda ban taɓa ba kowa ba. Sinancina bai isa ya ɗauki labarin duka ba, ban san iya abin da ya fahimta ba. Cewa ya yi in ci taliyar kafin ta huce.

Da na sanar da abokina na Osaka, ya rubuto cewa su ma suna cewa tsuchi ni kaeru, komawa ƙasa. Ya ƙara da cewa ya so ya ce wani abu da ya fi wannan amma bai samu ba.

Na kare kundina a watan Yunin 2021, na sauka Kano a Yuli, damina ta kankama. Washegari ƙanena ya kai ni maƙabarta. Damina guda ta riga ta wuce a kan kabarin, ta biyu tana kai, ciyawa ta rufe ko'ina. Ya tsaya yana ƙirga daga gindin wata bishiyar aduwa, ya nuna wani ɗan tudu ya ce yana kyautata zaton wannan ne, ko na kusa da shi. Na durƙusa tsakanin biyun na yi addu'a, na dafa ƙasar da hannuna.

Yanzu ina koyarwa na wucin gadi a wata kwalejin noma, albashin ba ya kai wata. Ranakun Asabar nakan bi manoman yankinmu muna jera duwatsu da buhunan ƙasa a bakin kwazazzabon da ke cin gonakinsu. Wasu na ɗauka, wasu na cewa ɗan boko ya zo da wasan yara. Kafin in tafi Sin na yi wa Inna alkawarin rushe soron Baba in yi mata na bulo da kwano. Da na dawo ta tuna mini, ba don tana so ba, don ta ji ko har yanzu ina kan bakana. Na ce a bar shi.

Sai dai soron ƙasa ba ya zama haka kawai, yana son yaɓe, kuma tun rasuwar Baba ba wanda ya taɓa shi. Bangon gabas ya tsage daga indararo har ƙasa. Da kaka ta yi muka haƙo birji a kududdufin bayan gari, muka jiƙa, muka kira wani tsoho da suka yi aiki tare da Baba shekara talatin ya tsaya a kanmu. Na ɗauko takalman robar nan daga cikin akwati, har yanzu da takardar kuɗinsu a jiki, na sa. Tsohon ya dube ni ya ce in cire, da takalmi ba a jin ko ƙasa ta nuna. Na cire na shiga. Sanyin lakar ya ratsa ni har ƙeya. Ban yi taku goma ba ya ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa, ya ce wa ƙanena, "Yayanka ya cika mata ruwa. Ƙaro busasshiya."